Tabon da Aka Goge a Hoton Gidimuni

Dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Zakariya'u mai hoto bayan magariba, Hajjo matarsa na kwashe tuwo. Zakariya'u, wanda ya yi boko mai zurfi kuma ba ya bari a manta, ya ce yaran maƙwabta ne. Da duwatsun suka koma faɗowa cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ya ce rufin ne ya tsufa. A jiƙe suke, suna ƙarnin tafki. A kan wannan bai yi bayani ba.

Sai 'yarsu Aliya ta daina magana. Kullum in rana ta faɗi takan zauna gaban odinatar ubanta, wato kwamfutarsa, a kashe, tana kallon baƙin gilashin. Wata rana ta buɗe baki, da muryar da ba tata ba.

"Ina fuskata?"

Hajjo ta dubi mijinta. "Maigida, ko ka kira Malam Modu mai ruƙiya, ko in kira shi in gaya masa wanda ya hana."

Malam Modu ya zo, ya daɗe yana karatu. Sannan ya tambayi wanda ke cikin yarinyar ko shi wane ne.

"Mazaunin tafkin Gidimuni. Tambayi wancan mai dafa mutane."

Zakariya'u ya gane, kuma bai ji daɗin ganewar ba. Ya ɗauki hotunan wani biki a bakin tafkin. Kamara kan ajiye ɗanyen hoto, mai nauyi, ɗauke da duk abin da haske ya kawo. Shi kuma sai ya dafa, kamar yadda yake cewa: ya gyara, ya mayar da shi ƙarami na waya, ya share ɗanyen don samun wuri. A ɗaya daga ciki akwai dogon tabo kusa da amarya. Ya goge shi.

"Tun kafin a gina ganuwar Birni nake bakin ruwan nan," in ji muryar. "Ba wanda ya taɓa ɗaukata hoto. Na sa rigata ta kirki, na tsaya tsaf. Ka kira ni datti."

"Tabo na ce."

Kallon da Hajjo ta yi masa ya isa.

"Yarinyar ba ta goge ka ba," in ji Malam. "Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"Ba ni da fuska, na ari tata. Ya maido ɗanyen, in maido ta."

Zakariya'u ya ji zuciyarsa ta tafasa, ya rasa wanda zai zaga sai kansa. "Babu shi. Na ɗora hotunan katin shaida a kansa."

Aliya ta buga goshinta a bango. Hajjo ta riƙe ta, tana faɗin abubuwa game da ilimin mijinta waɗanda Malam ya yi kamar bai ji ba.

"Zai sake ɗaukarka," in ji Malam. "Gobe, a daidai wancan wurin."

"Ɗanye. Kar ya dafa, kar ya taɓa. Ya ajiye a wuri biyu."

Malam ya ce, "Na yarda a madadinsa. Amma yanzu za ka fita, ba gobe ba."

Malam ya ci gaba da karatu. Aliya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce, "Inna, ruwa."

Washegari da almuru Zakariya'u ya tsaya bakin tafkin Gidimuni, ya saita kamara kan fili, cike da haushin kansa. Ya goge gilashin sau da yawa, don kada a ce datti ne. Ya danna, ya duba.

Dogon tabon yana tsakiyar hoton. Hagu da damansa akwai wasu, a jere bisa tsawo, ƙananan a gaba.

"Na gefe, ku ɗan matso," in ji Zakariya'u.