Takardar Kuɗin Shari'ar Iyatu

A bakin injin casar shinkafa na kasuwar Kura asirin ya tonu, wata Laraba cikin ranin 2006. Iyatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kadada ɗaya a filin noman rani, ta hango Alhaji Sammani, maƙwabcinta a gona. Ta yar da buhu ta nufe shi.

"Ka kayar da ni a shari'ar magudanar ruwa, bai ishe ka ba, sai da ka sa na sayar da injin ban-ruwana! Dubu ɗari da tamanin da biyar! Allah Ya isa, Alhaji!"

Sammani ya saki baki. "Wace dubu ɗari? Wallahi dubu goma sha takwas da ɗari biyar aka miƙo mini a kotu."

Kafin la'asar tana ofishin 'yan sanda, gaban Sufeto Maharazu. Ya karanta takardar da ta kawo. Da Turanci aka buga ta, ga hatimi, ga jerin kuɗaɗen da aka ce wanda ya yi nasara ya kashe.

"Inna, wa ya kawo miki wannan?"

"Wani dogo mai wushirya. Ya ce daga kotu yake. In biya cikin kwana bakwai ko a yi gwanjon gonar."

"Kin nuna wa lauyanki?"

"Sau biyu ina zuwa Kano, ana ce mini Barista Musaddiƙ ba ya nan."

Maharazu ya fara da Sammani. Alhajin ya kawo rasiɗinsa, yana ta huci. Sufeton bai riƙe shi ba. Da shi ne ɓarawon, da ya yi shiru a kasuwa ya haɗiye zagin.

Washegari ya tafi Kano wajen lauyar Sammani, Barista Khaulat. Tun kafin ya zauna ta harzuƙa.

"Ni za ka zarga, Yallaɓai? Dubu sittin da biyu na nema. Wanda ya ci shari'a yana rubuta abin da ya kashe, kowanne da rasiɗinsa, amma ba duk ake ba shi ba. Magatakarda ya bi jerina da jan biro. Kuɗin mota ya ce ya yi yawa, ladan aikina ya zaftare fiye da rabi, alƙali ya sa hannu a kan ragowar."

Ya miƙa mata takardar Iyatu. Ta bi ta da yatsa, sai ta tsaya.

"Mai awon gona, dubu saba'in da uku? Mu ba mu ɗauki mai awo ba. Motar shaidu daga Bunkure? Shaidunmu duk 'yan Kura ne, a ƙafa suka zo."

A kotun, magatakarda Malam Jaji ya zaro fayil, ya buga hatiminsa a farar takarda. Hatimin kotu yana da tsaga a gefe, na takardar Iyatu kuwa sumul yake.

"An biya kuɗin gaskiyar?" in ji Maharazu.

"An biya cif. Wani ya kawo a madadinta, na miƙa wa Alhaji."

"Wa ya karɓi kwafin hukuncin?"

"Mutum biyu kawai. Lauyan kowane ɓangare."

Sufeton ya nufi gonar Iyatu. Tumatirinta ya langaɓe, ƙasa ta dare, ga ruwa na wucewa a babbar magudana, ba injin da zai ja shi.

"Inna, kun ɗauki mai awon gona?"

"Mun ɗauka. Dubu takwas ya ce, na yi ta ciniki har ya sallama dubu bakwai da ɗari uku. Barista na ba kuɗin, shi ya riƙe rasiɗin."

"Shaidunki fa?"

"'Yan'uwan marigayi ne. Daga Bunkure."

Maharazu ya ninke takardar. "Ɗauko mayafinki."

A ƙofar ofishin Barista Musaddiƙ wani dogo yana goge mota. Ya ɗago ya washe baki zai gaishe da ɗan sanda. Iyatu ta cafki hannun rigarsa.

"Shi ne! Ga shi nan, azzalumi!"

Baballe ne, direban lauyan. Kofur ɗin da ya rako Sufeton ya sa masa ankwa, suka hau sama.

Musaddiƙ bai tashi daga kujera ba. "Sufeto, tun ranar hukunci na rufe fayil ɗin matar nan. Idan direbana ya yi wani abu, shi ya sani."

"Baballe yana jin Turanci?"

Lauyan ya kau da kai daga tambayar Sufeton.

"To bari in faɗa maka yadda aka yi," in ji Maharazu. "Ka karɓi hukunci, ka ga dubu goma sha takwas da ɗari biyar, ka ƙara sifiri ɗaya. Amma jimla tana buƙatar jeri, kuma ba ka da jerin Barista Khaulat. Sai ka buɗe fayil ɗinka ka kwafi abin da ita Iyatu ta kashe. Dubu bakwai da ɗari uku ta mai awo ta zama dubu saba'in da uku. Wannan rasiɗi bai taɓa shiga kotu ba, domin wanda aka kayar ba ya kai jeri. A aljihun teburinka yake. Sannan ka aika aka biya kuɗin gaskiyar, don kada ma'aikacin kotu na ainihi ya je gonar asiri ya tonu. Ka manta cewa mutanen ƙauye suna haɗuwa a kasuwa."

Kofur ya jawo aljihun teburin. Ga rasiɗin mai awo, ga hatimin roba sabo fil a cikin leda. Baballe ya fashe da kuka, ya ce dubu biyar aka ba shi.

Sai a lokacin lauyan ya miƙe. Muryarsa ta yi laushi.

"Inna, mu rufa wa juna asiri. Yanzu zan maido miki kuɗinki, har da ƙari."

"Kada ka sake ce mini Inna! Shekara biyu ina kawo maka shinkafar da 'ya'yana ba su ci ba. Kana tsaye kusa da ni a gaban alƙali, ina ganin na sami gata. Ashe auna ni kake yi kamar ragon layya. Tumatirina ya ƙone, kai ana goge maka mota!"

"Ki yi haƙuri, mu sasanta a nan."

"A nan? A'a. A gaban alƙali za ka biya, kowa yana ji."

Maharazu ya miƙa wa kofur hannu ya karɓi ankwa ta biyu. Da za su sauka, Iyatu ta tsaya a bakin matattakala ta waiwayo.

"Barista, ka nemi lauya. Allah Ya haɗa ka da irinka."