Kunnen Hagu

"Maimaita min abin da kika faɗa wa Yayata, yanzu a gabana!"

Tela ne tsaye a tsakiyar shagon Mai Kitso, tef ɗin awo a wuya, ido jajir. Saura sati biyu aurensu fa! Yayar tasa ta harɗe a kujerar masu kitso, tana taunar cingam ƙas-ƙas.

"Haba masoyina, zauna mana..." in ji Mai Kitso.

"Ba zan zauna ba! Gimbiya ta same ni a kan keken ɗinki, wai in an yi biki za a kai ta gidan kaka, ko don ba na son ta ne?"

Mai Kitso ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Gimbiya 'yarta ce, ta mijinta marigayi, shekara shida. Ba ta ji aka haife ta, sai likitoci suka dasa mata na'urar ji a kunnen dama. Daga nan uwar ta koyi wani mugun hali: maganar da ba ta so yarinya ta ji, sai ta zagaya hagunta ta yi ƙasa da murya. To, wata takwas ke nan da aka dasa ta hagun ma. Baki ya saba, baiwar Allah ta manta!

Shekaranjiya Yaya ta zo da ƙorafi, wai dangi ba sa son yarinya mai waya a ka a gidan ƙaninta. Tsoron rasa Tela ya kama Mai Kitso, ta zagaya hagun Gimbiya ta raɗa wa Yaya, "Zan bar ta wajen kakarta."

Tsaf yarinya ta kwashe.

"Ni da hannuna na ɗinka mata ɗankwali mai aljihun na'ura," in ji Tela. "Har labulen ɗakinta na gama. Yaushe na ce ki zaɓa tsakaninmu?"

Mai Kitso ta kasa ɗaga kai. Shekara biyu tana kai-kawo asibiti don kunnen nan ya buɗe, ga abin da ta zuba masa!

Gimbiya na rakuɓe bayan madubi. Uwar ta durƙusa ta hagunta, hawaye sharɓe-sharɓe.

"Ki yafe wa Mama, 'yar lelena. Ƙafata ƙafarki, ba inda za ki."

"Faɗa a ɗayan ma," in ji yarinya, ta juyo da na dama.

Tela ya fashe da dariya yana share ido. Ya ɗauke ta cak.

"Rabin raina, tashi haka nan. Ku biyu na nema, ku biyu zan ɗauka."

Yaya ta miƙe tana huci. "An shanye ka, wallahi!"

"Gwaggo," in ji Gimbiya, "rage murya, ta ko'ina nake ji yanzu."

Yaya ta fizgi jakarta ta fice, ta banko ƙofa garam!