Kwana Uku Kafin Rajista

A wajen shan gahawar ƙarfe uku na ɗakin bincikensu da ke birnin Uppsala Ylva ta fara ganin Malte, sabon ma'aikaci daga garin Umeå, riƙe da kofin da kowa ya san na mahaifinta ne. Ta ce masa ya fara neman wani aikin. Ya ce to, ta bari ya shanye tukuna. Ba a yi wata biyu ba ya koma kiranta Zumata.

Mahaifin nata, Farfesa Gösta, shekara goma sha tara ya yi yana haɗa maganin sankarar mama, cutar da ta kashe matarsa. A dokar ƙasar, malamin jami'a shi ke da abin da ya ƙirƙiro, don haka maganin nasa ne, har wani kamfani ya yarda zai sayi izinin sayarwa da zarar an shigar da takardar mallaka ranar Litinin.

Ylva ta aika wa wani taron masana bayanin maganin, a zatonta sai wata mai zuwa za su fitar. Ranar Juma'a suka saka shi a intanet. Doka kuwa ba ruwanta da hawaye, abin da duniya ta riga ta karanta ba ya rajistuwa. Kamfanin ya janye, kuma ba wanda zai kashe miliyoyin kurona a kan maganin da kowa zai iya kwaikwaya.

Kafin ta buɗe baki Malte ya ce shi ya aika. Gösta ya kore shi, ya ce muddin yana numfashi ba zai zama surukinsa ba. Tsoro ya hana Ylva faɗin gaskiya.

Wata bakwai tana ramewa, sannan saƙo ya shigo:

"Zumata, kada ki faɗa masa. Ya rasa mata, ya rasa aikin rayuwarsa. Ke kaɗai kika rage masa."

Ran nan ta iske mahaifinta yana kwashe takardu a ofis.

"Baba, ni ce. Ni na aika."

Tsohon ya zauna a kan kwali. Ya yi kuka, ita ma ta yi.

"Maganin ya tafi, Ylva," ya ce daga ƙarshe. "Shi kuwa yaron nan yana Umeå, kuma jirgin ƙasa yana zuwa can."

A tsakiyar bazara aka ɗaura auren a wata ƙaramar majami'a. Maganin bai taɓa isa hannun majinyaci ko ɗaya ba, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Gösta ya nemi gafarar Malte a gaban jama'a, ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah ya sa ku tsufa tare," ya ce. "Ni ban samu ba."