Ruwan Sabulun da Ba Ta Shafa Ba

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, Injiniya ta buɗe ɗakin gwaji ƙauri ya tare ta.

Shekara biyu tana bincike kan wata na'ura mai tsamo zafi daga iska mai sanyi ta ɗumama ɗaki. Yau gas ɗinta ya zurare, kwamfuresa, injin da ke matsa gas ɗin, ta ƙone ƙurmus.

Mai walda, wanda za ta aura, ya shigo yana karkaɗe riga. Shi ya haɗa bututun na'urar.

"'Yar boko, ya na ga fuskarki kamar an aiko da mutuwa?"

"Mahaɗarka ce ta yi yoyo, masoyi..."

A ƙa'idar aikin, kowace mahaɗa sai an shafa mata ruwan sabulu. In ta yi kumfa, akwai huda. Ranar da ya gama, ta ɗauko kofin ruwan sabulun, ya yi dariya ya ce, "Hannun da zai riƙe ki ne ba ki yarda da shi ba?"

Ta ajiye kofin.

Dogo, abokin aikinta da ta taɓa ƙin aurensa, yana kallo. Bai tanka ba sai yau, da aka tara su a ofishin Farfesa mai kula da bincikenta.

"Ranka ya daɗe, a tambaye ta ko ta gwada mahaɗun."

Farfesa ya cire tabarau. "In ba ki gwada ba, bincikenki ya ƙare a nan."

"Ta gwada," in ji mai walda. "Ni na sake taɓa bututun bayan ta tafi."

Kowa ya juyo gare ta.

Ta sunkuyar da kai... ta bar maganar a haka.

Kafin azahar aka sallami mai walda daga aiki. Da yamma yayanta ya ce, "Dama na faɗa miki, mai ƙona ƙarfe ba sa'anki ba ne."

Washegari ta sami mai walda a shagonsa yana naɗe tiyo.

"Ka rufa min asiri, masoyi. Me zan ce?"

"Da jiya kika ce wani abu."

"Ai kai ka zaɓi ka yi ƙaryar..."

"Ni na zaɓa. Amma ina yi ina jiran ki ƙaryata ni."

"Shekara biyu fa, ka duba."

"Na duba. Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Bai taɓa kiranta da wannan sunan ba.

An ba ta izinin sake gwajin. Abin da ya salwanta: kwamfuresa ɗaya, gas tulu guda, awon da ta yi a lokacin sanyi gaba ɗaya, aikin mutum ɗaya, da aure ɗaya.