Wa Ke Taɓa Kwalbar Shuɗiya?

Ranar da ya fara leƙowa ɗakin bincikensu, tana tsaye tana ɗiga ruwan tagulla cikin narkakken sitiroyid, haɗin da take fatan zai zama maganin kumburi. Ruwan ya juye shuɗi, shi kuwa bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi. Tun ranar ya laƙaba mata Shuɗiya. Ita ke haɗa magani, shi ke gwada shi a ƙafar ɓeraye, don haka take ce masa Mai Ɓeraye.

Mamanta ba ta yi na'am da shi ba. "Duk mazan duniya ki rasa sai mai kiwon ɓera? Ki bi a hankali, zaƙin bakin nan nasa ya yi yawa."

Maganar ta tsaya mata a rai, don kuwa an fara yi mata ɓarna. Haɗin nata sai an bar kwalbar a bakin taga ba motsi kafin ya fitar da ƙwayoyi kamar gishiri. Amma duk sanda ta dawo daga cin abincin rana sai ta tarar an gusar da ita, komai ya dagule. Ba ƙwayoyi, ba digiri. Ga kuma abokiyar karatunta, mai irin aikinta, kullum tana washe masa baki. Biri fa ya yi kama da mutum.

Ya turo saƙo: "Shuɗiyata, kin yi shiru. Lafiya?"

Ta amsa: "Lafiya lau." Ƙarya take, kishi da tsoro ke cin ta.

Washegari ta laɓe bayan firij. Sai ga shi yana sanɗa, ya ɗaga kwalbar.

"Ashe kai ne! Ita ta aiko ka?"

"Wa? Rana ce ke dukanta, Shuɗiya. Mu a wurinmu rana kashe magani take, shi ne nake mayar miki da ita inuwa."

"Ni kuma motsi ke kashe nawa!" Dariya da hawaye suka zo mata tare.

Bai sake taɓa kwalbar ba, sai dai ya tsaya gaban taga riƙe da kwali har rana ta kauce. Ƙwayoyi suka fito, kumburin ƙafar ɓeraye ya fara sacewa.

Da Mama ta ji labari, sai ta ce, "Wanda ya tare wa kwalba rana, ai ke ma zai tare miki." Ranar ɗaurin aure ita ta fi kowa sa musu albarka.