Mai Kiwon Kuturu a Cikin Yis

Ranar kasuwar Gangara ce Zakiyyu ya tsaya gaban kaskon Ramla, jakarsa cike da ganyen gyaɗa. Fanke ya zo saya, amma idonsa ya maƙale a kan robar ƙullun da ya tashi har yana ture murfi. Ya tambaye ta ko ta san abin da ke kumbura shi. Ta ce yis mana, wa bai sani ba. Ya ce to yis ɗin nan rai gare shi, yana ci, yana haihuwa, kuma numfashinsa ne ke tayar da fulawa.

Ramla ta dube shi sama da ƙasa. Saurayi fes da shi, ashe da ɗan taɓi. Amma da ta koma gida ta jiƙa yis a kofi, ta zauna tana kallon kumfar.

Zakiyyu ɗan Belbeji ne, yana karatu a jami'a a Damagaram kan kuturun gyaɗa, cutar nan da ke dunƙule ganye ta hana 'ya'ya. Tun daga ranar, gonakin Gangara suka zama su kaɗai ne masu cuta a duk ƙasar Damargu, don kowace kasuwa sai ya zo.

A bakin kaskon ya yi mata bayanin aikinsa. Ƙwayar cutar ba ta iya haihuwa da kanta, sai ta shiga jikin shuka ta ari kayan aikinta. Gyaɗa sai an jira damina, shi kuwa yis kwana guda ya cika kwalba. Shi ya sa suke gwada saka ƙwayar a cikin yis, a ɗaki rufaffe, suna kallon yis ɗin ta madubin da ke girmama abin da ido ba ya gani, suna ɗauke mata kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da suka gano wanda ba ta iya rayuwa sai da shi, sun san inda za su tare ta a gona. Ramla ta saki baki har fanke ya ƙone. A ranar ta san ta kamu da sonsa.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mai fankena, na iso lafiya. Na duba madubi, aiki ya gagara, fuskarki nake gani."

Ta mayar masa: "Malam Yis, ka rage zaƙin baki. Ka gai da dabbobinka, ka ce ina kishi da su."

Dodo mai shago, wanda ke sayar mata da fulawa, ya daɗe yana sonta tana ce masa sai an jima. Kunnensa ya tsinci kalma biyu a hirarsu, kuturu da yis, ya haɗa su yadda ya ga dama. Kafin kasuwa ta zagayo gari ya ɗauka: baƙon nan kuturta yake kiwo, kuma shi ke ba Ramla yis. Fanke ya yi kwantai. In Zakiyyu ya miƙa hannu, sai maza su cusa nasu cikin aljihu. Mahaifiyar Ramla, Lantana, ta kwana biyu tana duba mata yatsu, mahaifinta Malam Sahabi kuwa ya ce kada ya sake ganin yaron a ƙofar gidansa.

Ramla ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share hawaye ta rubuta: "Masoyina, Baba ba ya jin magana sai ya gani da ido. Ka zo da madubin. Yis ɗin ni zan kawo."

Ya zo bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune a ƙofar gida. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce ba zance ya zo ba, abu ɗaya zai nuna ya tafi. Ramla ta fito da ruwan yis ɗin da ta jiƙa da hannunta, ya ɗiga a gilashi, ya juya madubin wajen rana. Malam Sahabi ya kara ido yana tsaki. Tsakin ya tsaya.

A cikin ɗigon da bai kai hawaye ba, halittu ne dunƙul-dunƙul ba iyaka, da yawansu da ɗan ƙarami manne a jiki.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Lantana, zo ki gani. Har da goyo."

Lantana ta leƙa ta daɗe, ta ɗago tana salati. Shekara nawa tana kwaɓa ƙullu ba ta san da wa take aiki ba.

"To, ina kuturun?" in ji Malam Sahabi.

Zakiyyu ya ciro ganyen gyaɗa daga jaka, rawaya, a dunƙule. Tsohon ya karɓa ya juya shi. Ai ya san shi, shi ne ya cinye masa rabin gona bara, kuma da hannunsa ya yi ta tumɓuke shi tun yana saurayi. Ya dubi yatsunsa goma cif, sai dariya ta ƙwace masa, kunya na biye da ita.

"Wannan kake yaƙa, ɗana, muka gudu muka bar ka kai kaɗai?"

Ya kama hannun Zakiyyu da hannu biyu, bai saki ba har dattawan suka taso. Dodo dai shago ya rufe da wuri ranar.

Bayan kaka aka ɗaura aure, 'yan Belbeji suka cika Gangara da guɗa. Da za a tafi da amarya, Malam Sahabi ya dafa kanta.

"Na kusa hana ki alheri saboda kalma guda, Ramla. Ki yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba mijinki nasara a kan abin da ido ba ya gani."

 Daga bayan mayafi Ramla ta riƙe hannun mahaifinta, ta ɗora a goshinta.