Duwatsu Bakwai na Rafi

A can wani zamani, wata mata ta goya jaririnta mai zazzaɓi, za ta kai shi wurin mai magani a ƙetaren rafi. Yayanta ya rako ta. Suka tarar ruwa yana ƙaruwa, ga shi babu gada sai duwatsu bakwai a jere. Dutse mai faɗi yakan ba mutum wurin ja da baya ya yi dogon tsalle. Mai gansakuka kuwa, in ka dira kansa, ko ƙafa ba ka iya ɗagawa don santsi.

"Yi sauri, ƙanwata!" in ji yayan. Daga dutsen farko ya daka tsalle, ya tsallake biyu, sai ga shi kan na huɗu, mai gansakuka. Ba gaba, ba baya.

Ita kuwa ta hau na farko. Jariri yana nishi, ruwa ya soma lasar duwatsun. Ta dubi na biyu, ta ce a ranta, "Daga can kuma sai ina?" Ta taka. Ta dubi na uku, mai faɗi. "Daga can kuma sai ina?" Ta taka.

Ta ƙara ɗaure goyonta, ta ja da baya. "Sunkuya, Yaya!" Ta tsallake shi har da dutsensa, ta dira kan na biyar. A haka, tana tambaya tana takawa, har ta kai gaɓa.

Ta samo doguwar gora ta miƙa masa.

Ya ce, "Amma dai na fi ki tsalle."

"Ka fi ni, Yaya," ta ce. "Kama gorar."